Zunubin ganganci da tabbacin ceto a koyarwar Katolika: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi tasowa a ajin katikisim na manya, da bakin ɗakin furta zunubi, da kuma lokacin da ɗan Katolika ya zauna hira da ɗan'uwansa Kirista na wata ɗarika aka zo kan maganar ceto. Lambobin da aka ambata na sakin layin Katikisim na Ikilisiyar Katolika ne, wanda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya fitar a 1992.

Mene ne zunubin ganganci?

Shi ne mutum ya sa ran shiga sama ta hanyar da Allah bai shimfiɗa ba. Katikisim, a lamba 2092, ya kasa shi gida biyu. Na farko, mutum ya dogara ga ƙarfin kansa, yana ganin halinsa na gari da ayyukansa sun isa su cece shi ba tare da taimako daga sama ba. Na biyu, mutum ya jingina ga ikon Allah da jinƙansa ta karkatacciyar hanya, yana jiran gafara ba tare da tuba ba, yana jiran ɗaukaka ba tare da ya yi aikin da alheri ya kira shi ya yi ba.

Na biyun ne aka fi cin karo da shi. Shi ne na mutumin da ke cewa "Allah ai mai jinƙai ne, ba zai jefa ni wuta a kan wannan ba," alhali ya san abin da yake yi babban laifi ne, kuma ba shi da niyyar bari. Maganarsa ta farko gaskiya ce. Abin da ya gina a kanta shi ne ɓarnar.

Me ya sa ake lissafa shi cikin saɓa wa doka ta fari ta Dokoki Goma?

Saboda doka ta fari ta ƙunshi bangaskiya da bege da ƙauna ga Allah. Bege, bisa lamba 1817, shi ne marmarin mulkin sama tare da dogara ga alkawuran Almasihu da taimakon Ruhu Mai Tsarki. Ana ɓata shi ta gefe biyu: yanke ƙauna, wato mutum ya fid da rai cewa Allah zai gafarta masa, da kuma ganganci. Dukansu suna faɗin abin da ba haka ba game da Allah. Mai yanke ƙauna ya manta da jinƙansa, mai ganganci ya manta da adalcinsa. Maƙwabtanmu Musulmi ba za su ji wannan baƙo ba, don malamansu ma suna koyar da cewa mumini yana tafiya ne tsakanin tsoro da fata.

To, ɗan Katolika zai iya cewa yana da tabbacin ceto?

Ya danganta da abin da ake nufi da tabbacin, don abubuwa uku ne ake cusawa cikin kalma ɗaya.

Akwai tabbaci game da Allah: cewa yana son kowa ya tsira, cewa mutuwar Almasihu ta wadatar, cewa sakramenti suna aikin da aka kafa su dominsa. A nan babu wurin shakka ko kaɗan, shakkar ma laifi ce.

Akwai sanin ko ni, a wannan lokaci, ina cikin alherin Allah. A nan mutum yana iya samun natsuwa mai ƙarfi, irin wadda ta isa ya karɓi Jikin Almasihu, wato gurasa mai tsarki ta Misa, hankali kwance, amma ba ta kai matsayin abin da ba zai yiwu a yi kuskure a kansa ba.

Sai na uku, sanin ko zan jimre har ranar mutuwata. Wannan ba wanda ya sani, sai wanda Allah ya bayyana wa ta wahayi na musamman. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Yawancin gardamar da ake yi tana tasowa ne daga haɗa waɗannan ukun. Wani ya ji ɗan Katolika ya ce "ban san ƙarshena ba," sai ya ɗauka yana shakkar Almasihu. A'a, kansa yake shakka. Allah ba ya saɓa alkawari, amma ɗan adam yana da 'yancin juya baya, kuma baftisma ba ta ƙwace masa wannan 'yanci ba.

Ina aka yanke wannan koyarwa a hukumance?

A Majalisar Tirento, wadda ta zauna a arewacin Italiya daga 1545 zuwa 1563. A zamanta na shida, ranar 13 ga Janairu 1547, ta fitar da hukunci kan baratarwa, wato yadda Allah ke mai da mai zunubi mai adalci, mai babi 16 da dokoki 33. Wurare uku ne suka shafi wannan magana kai tsaye.

Babi na 9 ya ce bai kamata mai ibada ya yi shakkar jinƙan Allah, ko isar aikin Almasihu, ko ƙarfin sakramenti ba. Amma idan mutum ya dubi kansa da rauninsa, yana iya jin tsoro game da halinsa, domin ba wanda zai iya sani, da irin tabbacin bangaskiya da kuskure ba ya shiga, cewa ya samu alherin Allah. Babi na 12 ya hana mutum yanke wa kansa hukuncin cewa lallai yana cikin zaɓaɓɓu. Babi na 13 kuwa, wanda mutane suka fi tsallakewa, ya umurci kowa ya kafa bege mafi ƙarfi ga taimakon Allah, domin wanda ya fara aikin kirki a cikin mutum zai kammala shi, muddin mutumin bai yi watsi da alherin ba. Doka ta 16 ta la'anci cewa mutum yana da cikakken tabbacin jimrewa har ƙarshe in ba ta wahayi ba, ta 23 kuma ta la'anci cewa wanda aka baratar ba zai iya rasa alheri ba.

A lura da abin da majalisar ba ta ce ba. Ba ta ce Kirista ya zauna cikin fargaba ba, ba ta kuma ce babu wata alama da mutum zai gane halinsa da ita ba.

Waɗanne alamu ne mutum zai duba?

Toma Akwinas, babban malamin tauhidi na Katolika wanda ya rasu a 1274, ya ce hanyoyi uku ne za a yi tunanin sanin alheri da su. Ta wahayi, wannan na tsiraru ne. Ta binciken kai da tabbaci tsantsa, wannan ba ya yiwuwa, don tushen alheri Allah ne da kansa kuma hankali ba ya kewaye shi. Sai ta alamu, kuma ya ambaci uku: mutum yana jin daɗin al'amuran Allah, abin duniya bai mallake zuciyarsa ba, kuma lamirinsa bai nuna masa wani zunubin mutuwa, wato babban zunubin da ke raba mutum da alherin Allah, da bai tuba daga gare shi ba. Katikisim, a lamba 2005, ya ƙara da maganar Ubangiji cewa da 'ya'yansu za a san su.

A aikace, tambayoyin su ne: akwai babban zunubin da na sani ban furta ba? Akwai haƙƙin wani a hannuna da na ƙi mayarwa? Akwai wanda na rantse ba zan yafe wa ba? Ina addu'a, ina zuwa Misa ranar Lahadi? Wanda ya amsa waɗannan da gaskiya ya ga babu abin da ya tare, yana da dalilin kwanciyar hankali, kuma wannan kwanciyar hankali ba ganganci ba ce.

Abin da ba a aunawa da shi shi ne motsin zuciya. Hawaye a lokacin waƙa ba hujjar alheri ba ne, bushewar zuciya a addu'a kuma ba hujjar rashinsa ba ce. Bulus da kansa ya ce a 1 Korintiyawa 4:4 lamirinsa bai kama shi da komai ba, amma wannan bai sa ya barata ba, Ubangiji ne mai yi masa shari'a.

Amsar da Katikisim ya kawo misali da ita ta Jan Dark ce, yarinyar ƙauye daga Faransa da aka gurfanar a birnin Rouen a 1431. Alƙalai sun tambaye ta ko ta san tana cikin alherin Allah. Tarko ne: in ta ce e, ta yi ganganci, in ta ce a'a, ta kama kanta. Sai ta ce: "In ba na ciki, Allah ya sa ni ciki. In ina ciki, Allah ya riƙe ni a ciki."

Idan aka tare ni da "An cece ka?", me zan ce?

Ka ce e, sannan ka ƙarasa. Sabon Alkawari yana maganar ceto a lokuta uku. An cece mu: Afisawa 2:8, ta wurin alheri, ba don aikinmu ba, kuma ɗan Katolika ya karɓi wannan a baftisma. Ana cetonmu: 1 Korintiyawa 1:18, da Filibiyawa 2:12 inda aka ce mu yi aikin cetonmu da tsoro da rawar jiki, aya ta 13 kuma ta ce Allah ne ke aiki a cikinmu. Za a cece mu: Romawa 5:9-10, da Matiyu 24:13, wanda ya jimre har ƙarshe shi zai tsira. Don haka amsar ita ce: "An cece ni, ana cetona, ina kuma sa zuciya ga Almasihu cewa zan tsira a ƙarshe." Kada ka amsa da "ban sani ba" kawai, don wannan rabin koyarwar ne, kuma yana sa mai tambaya ya tafi da zaton cewa Katolika ba su dogara ga Yesu ba.

Amma 1 Yohanna 5:13 ta ce "domin ku sani kuna da rai madawwami." Yohanna 10:28 kuma ta ce ba mai ƙwace tumaki daga hannunsa.

Ikilisiya ta karɓi ayoyin nan yadda suke. Yohanna ya ce ya rubuta "waɗannan abubuwa" domin a sani, kuma abubuwan su ne gwaje-gwajen da suka cika wasiƙar: kiyaye umarnai, ƙaunar ɗan'uwa, shaida cewa Yesu ya zo cikin jiki. Sani ne ta alamu, irin wanda aka bayyana a sama. Ayoyi uku bayan nan, a 5:16-17, shi Yohannan ya yi maganar ɗan'uwa da zunubin da ke kaiwa ga mutuwa.

Yohanna 10:28 da Romawa 8:38-39 suna tabbatar da cewa babu wani iko daga waje, ko Shaiɗan ko tsanani ko mutuwa, da zai raba mai bi da Almasihu. Ba su ce mai bi ba zai iya fita da ƙafarsa ba. A Yohanna 15:6 reshen da ke jikin kurangar ne ake yankewa idan bai zauna ba. A Romawa 11:22 Bulus ya gargaɗi masu bi su dawwama cikin alherin Allah, in ba haka ba su ma a datse su. A 1 Korintiyawa 9:27 ya ce yana horon jikinsa kada bayan ya yi wa waɗansu wa'azi shi a ƙi shi, a 10:12 kuma ya ce mai zaton yana tsaye ya yi hankali kada ya fāɗi. Koyarwar Katolika ƙoƙari ce ta riƙe jerin ayoyin biyu tare, ba tare da an mai da na gargaɗin wasan yara ba.

Na yi zunubi ina cewa a raina "zan je in furta ranar Asabar." Ganganci ne?

Nan ne ake buƙatar rarrabewa da kyau, kuma Akwinas ya yi ta. Wanda ya yi zunubi da niyyar ci gaba da zama a cikinsa, yana kuma jiran gafara, ya yi ganganci, kuma wannan ya ƙara wa zunubin nauyi. Wanda kuwa sha'awa ta rinjaye shi ya fāɗi, amma a ransa yana da niyyar bari da tuba, bai yi ganganci ba. Akwinas ya ce wannan ma alama ce cewa zuciyarsa ba ta ƙeƙashe sosai ba.

Gwajin da za ka yi wa kanka shi ne: sauƙin samun gafara ne ya sa na aikata? Wato da babu ɗakin furta zunubi a kusa, da na fasa? In amsar e ce, to ka mai da sakramenti lasisin zunubi, kuma ya kamata ka faɗa wa Fada wannan tare da zunubin kansa. In kuwa tunanin furtawa ya zo ne kawai a matsayin abin da ya hana ka yanke ƙauna, to ka furta zunubin da ka yi, ka bar ƙara wa kanka wani laifi.

Haɗarin da ke cikin wannan lissafi biyu ne. Ba ka da tabbacin kai wa Asabar. Na biyu, wanda ya fi faruwa, ba ka da tabbacin cewa ranar Asabar ɗin za ka samu nadama ta gaske, domin nadama ma baiwa ce, kuma zuciyar da ta saba da ciniki da Allah tana rasa ta a hankali. Sirak 5:4-7 ya yi wannan gargaɗi filla-filla: kada ka ce na yi zunubi, me ya same ni, kada ka sakankance da gafara har ka riƙa ɗora zunubi a kan zunubi, kada ka riƙa ɗaga komowa ga Ubangiji daga yau zuwa gobe. Littafin Sirak yana cikin ƙarin littattafai 7 da ke cikin Littafi Mai Tsarki na Katolika mai littattafai 73, ba za ka same shi a bugu mai 66 ba.

Kullum zunubi ɗaya nake kaiwa wurin Fada. Ina wasa da sakramenti ne?

Ba lallai ba. Abin da furta zunubi ke buƙata, bisa lamba 1451, shi ne baƙin cikin zuciya, ƙin zunubin, da ƙudurin kada a sake. Ƙuduri aikin nufi ne a yanzu, ba annabci ba ne game da gobe. Mutum yana iya ƙudurtawa da gaske alhali yana tsoron zai sake fāɗuwa.

Inda ake gane gaskiyar ƙuduri shi ne a hanyoyin da ke kai mutum ga zunubin. Mai shaye-shaye da ya furta amma bai canja wurin zamansa na yamma ba, mai zina da ya furta amma lambar tana nan a wayarsa kuma ɗakin da ya kama yana nan, ma'aikacin da ya furta cin kuɗin jama'a amma bai fara mayar da ko sisi ba, waɗannan suna da dalilin tuhumar kansu. Lamba 1459 ta ce a mayar da abin sata, a gyara sunan wanda aka ɓata. Gafarar da aka karɓa ba tare da ƙudurin bari ba ba ta zauna ba, ko da Fada ya furta kalmomin, don Fada yana hukunci ne da abin da aka gaya masa.

Ganganci zunubin mutuwa ne? Shi ne saɓon Ruhu Mai Tsarki da ba a gafartawa?

A kan kansa babban al'amari ne. Amma kafin kowane zunubi ya zama na mutuwa sai abu uku sun haɗu, bisa lamba 1857: al'amarin babba ne, mutum ya san haka sarai, kuma ya yarda da gangan. Tunanin da ya gifta a zuciya ba tare da an karɓe shi ba bai cika waɗannan ba.

Tsofaffin malamai sun lissafa zunubai 6 na gāba da Ruhu Mai Tsarki: yanke ƙauna, ganganci, ƙin gaskiyar da aka sani, hassadar alherin da ɗan'uwa ya samu, taurin kai cikin zunubi, da ƙin tuba har mutuwa. Ana kiransu haka ne domin suna toshe ƙofar da gafara ke shigowa ta ciki. Lamba 1864 ta ce jinƙan Allah ba shi da iyaka, sai dai wanda ya ƙi karɓarsa ta hanyar tuba ya ƙi gafarar da kansa. Wanda ya tuba daga ganganci an gafarta masa kamar kowane zunubi. Wanda kuma yake damuwa ko ya yi zunubin da ba a gafartawa, damuwar tasa ta nuna bai yi ba.

Tsakanin ganganci da yanke ƙauna, wanne ya fi muni?

Yanke ƙauna, in ji Akwinas, domin jinƙai da yafewa sun fi dacewa da Allah a kan hukuntawa.

Nau'i na farko fa, dogara ga kai? Akwai mai yin haka a yau?

Da baki kusan babu, a zuciya kuwa da yawa. Koyarwar Pelajiyus ce, wani malami na farkon ƙarni na biyar, wanda ya ce ɗan adam yana iya kiyaye dokokin Allah da ƙarfin nufinsa. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya yaƙe ta, majalisar Kartej ta 418 ta la'ance ta, ta Oranj a 529 kuma ta ƙara da cewa ko farkon bangaskiya baiwar Allah ce.

Yau tana fitowa ne a siffar Bafarisiyen Luka 18: ina ba da zakka, ina cikin zumuntar mata ko ta maza shekara da shekaru, ni na sayi kujerun coci, ban taɓa kashe kowa ba. Alamarta mafi sauƙin ganewa ita ce barin addu'a da barin furta zunubi, don mutum ba ya roƙon abin da yake ganin yana da shi. Akwai kuma mai shiga wurin da ya san ya sha fāɗuwa yana cewa yanzu ya yi ƙarfi. Bitrus ya ce ko duka sun yi tuntuɓe shi ba zai yi ba, kafin zakara ya yi cara ya yi musu sau uku.

An ce wanda ya mutu sanye da skafula, ko ya yi Juma'a tara ta farkon wata, ba zai shiga wuta ba.

Skafula mai ruwan ƙasa, wato ƙananan ƙyallaye biyu masu albarka da ake ratayawa a wuya, ta 'yan Karmel ce, wata ƙungiyar 'yan zuhudu ta Katolika, kuma al'adarsu ta danganta ta da Simon Stock a 1251. Juma'a tara, wato karɓar Jikin Almasihu a Juma'ar farko ta wata tara a jere, ta fito ne daga wahayin da Margaret Mary Alacoque ta ba da labari a Paray-le-Monial ta Faransa a ƙarni na 17. Ikilisiya ta amince da ibadun biyu, tana kuma ƙarfafa su. Amma wahayin da aka yi wa wani shi kaɗai ba ya cikin abin da ya wajaba a gaskata, bisa lamba 67, kuma abubuwa masu albarka irin su skafula suna shirya mutum ne ya karɓi alheri, ba sa maye gurbin tuba. Lamba 2111 ta ce jingina ƙarfin addu'a ko alama ga yin ta a zahiri kawai, ban da halin zuciyar da take buƙata, camfi ne. Wanda ya rataya skafula ya ci gaba da abin da yake yi yana cewa ya riga ya samu kariya, ya mai da ita laya, kuma ya haɗa camfi da ganganci.

Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu ai a ƙarshe ya tuba. Me zai hana in jira?

Tuban ƙarshe yana yiwuwa, Ikilisiya ba ta taɓa musun wannan ba. Sai dai ɓarawon bai tsara shi ba, ya amsa ne a lokacin da alheri ya same shi, kuma na biyun da ke ɗaya gefen ya ga abin da ya gani bai tuba ba. Haɗarin mota, bugun jini da suma ba sa ba da lokacin kiran Fada.

Iyalai ma suna da nasu jinkirin. Sau da yawa ba a kiran Fada sai majiyyaci ya daina magana, don tsoron kada a ce an fid da rai. Lamba 1514 ta ce shafewar marasa lafiya ba ta masu shiɗewa kaɗai ba ce, lokacinta ya yi da zarar ciwo ko tsufa ya fara zama haɗari. A kira shi tun majiyyaci yana iya furta zunubinsa da bakinsa ya kuma karɓi Jikin Almasihu. In ya riga ya suma a kira duk da haka, don ana shafe wanda da yana cikin hayyacinsa zai nema.

Duk sauran Kiristoci sun yarda cewa wanda aka ceta ba ya rasa ceto?

A'a. Mabiya Kalbin, a majalisar Dort ta 1618 zuwa 1619, sun koyar da cewa zaɓaɓɓu za su jimre lallai, ko da yake su ma ba su ce mai zaman zunubi ya kwantar da hankali ba. Lutheran da Methodist sun yarda mai bi yana iya fāɗuwa daga alheri. Ranar 31 ga Oktoba 1999, a Augsburg ta Jamus, Ikilisiyar Katolika da Tarayyar Lutheran ta Duniya sun sa hannu kan sanarwar haɗin gwiwa game da baratarwa, kuma tana da sashe kan tabbacin ceto. A ciki ɓangarorin biyu sun amince cewa mai bi zai iya dogara ga jinƙan Allah da alkawuransa duk da rauninsa. Majalisar Methodist ta Duniya ta shiga a 2006.

Ni matsalata akasin haka ce. Kullum ina tsoron na yi zunubin mutuwa, ko furtawata ba ta yi ba.

Wannan waswasi ne, kuma wa'azin da ake yi wa masu ganganci ba naka ba ne. Ikilisiya ta ga illar tsananin da ya wuce kima a rikicin Jansen, wani bishop wanda Paparoma Innocent na Goma ya la'anci jimloli biyar na koyarwarsa a 1653, cikinsu har da cewa Almasihu bai mutu domin kowa ba. Lamba 1037 ta ce Allah bai ƙaddara wa kowa wuta ba.

Shawarar da Waliyyi Alfonsus Liguori, masanin shiryar da lamiri, da sauran masanan wannan fanni suka bayar ba ta canja ba. Ka tsaya ga Fada ɗaya, ka gaya masa kana da waswasi, ka bi abin da ya ce ko da zuciyarka ba ta kwanta ba. Kada ka maimaita zunubin da ka riga ka furta. In kana shakkar ko abu ya kai zunubin mutuwa, ga mai irin halinka shakkar kanta hujja ce cewa bai kai ba, don zunubin mutuwa yana buƙatar sani sarai. Zunubin da ka manta da gaske an gafarta shi tare da sauran, sai dai ka ambace shi in ka tuna, ɓoyewa da gangan ce kawai ke ɓata furtawa. Idan abin ya kai ga hana barci ko aiki, a haɗa da ganin likitan ƙwaƙwalwa, domin wani lokaci ciwo ne da ke da magani.

Na gane na yi ganganci. Me zan yi, musamman in Fada ba ya zuwa ƙauyenmu sai jifa-jifa?

Ka yi addu'ar tuba yanzu, kada ka jira. Nadamar da ta fito daga ƙaunar Allah fiye da kome tana kawo gafarar zunubin mutuwa nan take, muddin tana tare da ƙudurin furtawa da zarar an samu hali, bisa lamba 1452. Ka yanke abin da ke kai ka ga zunubin tun kafin ka ga Fada. Kada ka karɓi Jikin Almasihu kafin ka furta, ko a taron Lahadi da katikis ke jagoranta, sai da babban dalili kuma babu damar furtawa, kamar yadda doka ta 916 ta dokokin Ikilisiya ta tanada. Jin kunyar zama a kujera alhali kowa ya tashi ba ya cikin manyan dalilai.

Idan ka samu Fada, ka faɗi irin zunubin da adadinsa gwargwadon tunawarka, sannan ka ƙara: "Fada, na yi shi ne ina dogara da cewa zan zo in furta," ko "na daɗe ina ɗaga tuba da gangan." Doka ta 989 ta wajabta furta manyan zunubai aƙalla sau ɗaya a shekara, amma wannan mafi ƙaranci ne. Wanda ke fama da wannan hali ya fi kyau ya nemi zuwa kowane wata, ko da sai ya bi Fada zuwa babban cocin farish.

A wurin jana'iza ana cewa "yana sama yanzu." Daidai ne?

Ikilisiya tana faɗin haka da tabbaci ne game da waɗanda ta ayyana waliyyai, da jariran da suka mutu bayan baftisma. Sauran tana miƙa su ga jinƙan Allah da bege, tana yi musu addu'a, domin mai yiwuwa suna cikin tsarkakewar da ake kira Purgatori, bisa lamba 1030 zuwa 1032. Shi ya sa ƙa'idar Misa ta ce wa'azin jana'iza kada ya zama yabon mamaci. Illar cewa "ya riga ya shiga" ita ce mutane su daina yi masa addu'ar da wataƙila yake buƙata.

Haka nan ba a yanke wa kowa hukuncin wuta. Ikilisiya ba ta taɓa ayyana wani mutum da sunansa cewa yana can ba, kuma game da wanda ya kashe kansa lamba 2283 ta ce kada a fid da rai da cetonsa, ana kuma yi masa addu'a. Iyalin mamaci za su iya zuwa ofishin farish su nemi a yi Misa dominsa, a ranar cikar shekara ko wata rana da suka zaɓa, su kuma sa sunansa cikin jerin waɗanda ake tunawa ranar 2 ga Nuwamba.